Na'urar tana jin kifi, kai ne ba ka jin magana

Na ga ka yatsine fuska tun daga kan take. Ka ce, "Malam, a Sae Sabuwa muke fa, ƙasar gero da gyaɗa. Ina ruwan manomi da na'urar gano kifi? Kwale-kwalen a kan jigawa za mu tuƙa shi?" Sannu da hikima! To kifin da ka ci da yaji ranar kasuwa, a kunya aka tono shi? Tafkin Madarunfa yana nan kudu da Maraɗi, madatsar ruwan Jibiya tana tsallaken iyaka, kuma Hausawa masunta sun kai har Kainji da Tafkin Cadi. Wani ɗan'uwanka zai dawo daga can da allon na'urar a jaka, kunnenta ya mutu, ya ce ka raka shi sayen sabo. Ranar sai ka tsaya kana sosa ƙeya.

Abin kashi biyu ne. Akwai allon da ake kallo a cikin jirgi, akwai kuma kunnen na'ura, wato tiransdusa, wanda yake nutse a ruwa. A cikinsa akwai ɗan faifan tangaran da ke girgiza in wuta ta taɓa shi. Sai ya jefa sauti ƙasa, ya yi shiru, ya saurari amsa-kuwwa. Sauti yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka a zurfin mita uku, zuwa da dawowa kashi huɗu ne kacal cikin dubu na daƙiƙa. Allo ya lissafa, ya zana maka.

Ka ce tsafin Nasara ne? Tsafin ma ya tsufa. Tun 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke ba da wuta in an matse su. A 1948 wasu 'yan'uwan kuma, su Furuno na yankin Nagasaki a Japan, suka fara sayar wa masunta na'urar. Ta girmi babanka, ko ta yi sa'a da shi. Sai ka gaishe ta da ladabi.

Ka ce ƙarar za ta kori kifi? Wace ƙara? Kunnen ɗan'adam yana tsayawa wajen kilohaz 20, ita kuwa tana magana a 200. Karfasa ba ta san ana yi ba. Abin da ke korar kifi shi ne kai, da buga gwangwani a gindin jirgi da waƙar da kake rerawa ba murya.

Yanzu ga inda kake shirin yin ɓarna. Ka ce, "Kunne ai kunne ne, in saya mai araha in cusa." Cusa mana, kuɗinka ne. Garmin da Lowrance da Humminbird kowa da irin bakin fulogonsa, har cikin kamfani ɗaya ma akan sami mai ƙafa huɗu da mai takwas. Ko bakin ya shiga, sai muryar ta zo ɗaya: allon da ke aika 200 ba ya shiri da kunnen da aka gina don wani mizani. Juya allon, karanta lambar da ke bayansa, rubuta ta a takarda, ka tafi da ita. Kada mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne" ka gyaɗa kai. A wurinsa duk ɗaya ne, tunda ba shi zai shiga ruwa ba.

Kuma na san halinka, babba kake so. Ka ji an ce mai kilohaz 50 yana kai wa zurfin ɗaruruwan mita, ido ya rufe. Ɗaruruwan mita a ina? A Madarunfa? Wannan na masu teku ne. Ruwanmu gajere ne, mai 200 shi ke rarrabe kifi da ciyawa, in da mai haɗe da 83 to madalla, ya ɗan faɗaɗa gani.

Kafin ma ka sayi komai, tabbatar tsohon ya mutu. Sau da yawa batir ne ya yi sanyi, ko ƙafafun fulogo sun yi kore da tsatsa. Kunna na'urar, kara kunnenta a naka kunnen na ɗan lokaci: mai rai yana ɗan ƙyas-ƙyas. Na ce ɗan lokaci, don wasu suna zafi in sun daɗe a waje da ruwa.

To, waya. Ajiye rezar nan! Na gan ka. Ka ce wayar ta yi tsawo, za ka rage, ko kuwa fulogon bai shiga ba, za ka yanke ka murɗa da hannu ka naɗe da leda, ai haka ka gyara rediyon gida. Da za ka fere wayar kunne, ga abin da za ka gani: a ƙarƙashin roba akwai saƙar ƙarfe mai laushi da ta lulluɓe siraran wayoyi, wasu na sauti, wasu na auna zafin ruwa. Saƙar nan ita ke kare amsa-kuwwa mai rauni daga hayaniyar inji. Ka huda ta, ruwa ya sami hanya, allo ya cika da yayyafi, ka dawo kana zagin kamfani. Tsawon da ya yi saura, naɗe shi sako-sako nesa da inji. Bakin da bai dace ba kuwa, akwai 'yar mahaɗa da ake sayarwa don haka.

Wayar wuta ita ce taka, yi yadda ka ga dama da ita, amma da sharaɗi. Batir mai bolt 12, ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi, fis ɗan amfiya uku a kan jar, dab da batir. Ka ce fis ɓata kuɗi ne, za ka sa zaren waya a madadinsa? Fis da allo, wanne ya fi tsada? Kada kuma ka jona kai-tsaye da faifan sola, wutarsa hawa da sauka take yi. In jirgin mai inji ne, wayar kunne ta bi gefe guda, ta inji ta bi ɗayan.

Sai wurin ɗaura kunnen. Ka ce za ka manna shi a ciki don kada ɓarawo ya gani. Dabara ce, sai dai katako yana shanye sautin. Jirgin faiba zalla ne ke yarda da wannan. A kwale-kwale, ɗaure shi a ƙasan sanda, ka matse sandar a gefe, fuskarsa tana kallon ƙasa sak, ya ɗan zarce gindin jirgi. Kumfa abokiyar gabarsa ce, don haka nesa da farfela. Da yamma ka kwance ka tafi da shi gida, ka goge gansakuka da tsumma. Ɓarawo ya zo ya tarar da sanda.

Yanzu ka gyara zama, ka ce, "Shi ke nan, Sarkin Ruwa ya yi ritaya." A'a, a nan kam ni da mai shakka muna layi ɗaya. Kunne mai buɗin digiri 20 yana ganin da'irar da faɗinta kusan sulusin zurfi ne. A mita uku, mita ɗaya ke nan, bai kai tabarmar zaure ba. Kuma iskar da ke cikin jikin kifi ita ce ta fi mayar da sauti, shi ya sa giwan ruwa yake fitowa sarai, tarwaɗar da ta lafe a laka kuwa da wuya ka raba ta da lakar. Gaiwa ma kada ka tambaya. Ɗan hoton kifin da allo ke zana maka yana iya zama leda ko reshen ƙaya.

Amfanin na'urar a irin ruwanmu shi ne sanin ƙasa: ina rami, ina tudu, ina kututturen da ke yaga koma, ina yashi ya cike bana. Wannan kaɗai ya isa ya fanshi raga guda. Inda kifi yake kwana da lokacin da yake tashi kuwa, tsohon masunci za ka tambaya. Sayi kunnen da ya dace da allonka, bar wayarsa yadda ta zo, sannan ka ware kuɗin goro ka kai wa Sarkin Ruwa.