Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Masu Sayen Madubin Farauta Kala-kala

Da zarar an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busawa, akwai wani zazzaɓi da ke kama wasu magidanta a majalisarmu. Ba mafarautan gado nake nufi ba, masu karnuka da gora da rigar layu. Ina nufin mafarautan Asabar da Lahadi: ma'aikatan da suka yi ritaya, da 'yan kasuwa, da likita ɗaya ko biyu, masu bindiga mai lasisi da motar shiga daji, waɗanda kan fita neman zabi da fakara su dawo da gajiya da labari. Bara a kan tayar mota aka yi musu. Bana kuwa a kan madubin kawo nesa kusa ne. Wasu sun ce a tsaya ga matsakaici, irin su Nikon Monarch ko Vortex Viper, da ake samu a wajen dala 500. Wasu sun ce in za ka sha giya sha ta dubu, wato Swarovski ko Zeiss ko Leica, waɗanda manyansu kan haura dala 2,000, wani ma ya taɓa 3,000. Na yi wata guda ina sauraron gardamar, na kuma bi su daji sau uku. Abin da na gano shi ne, madubin nan ya fi nuna mai shi a kan naman da ake hange.

Alhaji Wanne-ya-fi-tsada

Shi bai taɓa tambayar wanne ya fi kyau ba. Aka ce masa Swarovski, na ƙasar Ostiriya, masu ƙera madubai a yankin Tirol tun 1949. Ya ce a kawo. Kaya kuwa ya amsa sunansa, in ka leƙa sai ka rantse an wanke maka duniya da sabulu. Sai dai tun ranar da madubin ya iso, Alhaji ya zama baransa. Ƙura ta tashi, ya ɓoye shi. Rana ta take, ya ce zafi zai taɓa shi. An yi ta gaya masa cewa a toshe yake ruf, an cika cikinsa da iskar naitirojin don kada raɓa ta shiga, amma ina! Madubi yana cikin jaka, jaka tana cikin akwati, akwati yana bayan mota, makullin mota yana aljihun direba, direba kuma ya gangara rafi neman rake. Ranar da gada ta gifta, kafin a bi wannan salsala daga direba zuwa jaka, ta isa wata ƙaramar hukumar. Sau ɗaya madubin ya yi aikin kirki, ranar da aka je Yankari, inda doka ta hana harbi sai kallo. A can Alhaji ya hango giwa da shi, dabbar da ko mai hakiya ba ya bukatar a nuna masa ita.

Mai Babbar Lamba

Wannan a cunkoson motoci ya sayi nasa, ta taga, da kuɗin kaji biyu. An rubuta 60x90 a jikinsa, gilashinsa ja wur, kuma yaron da ya sayar masa ya rantse har da dare yana gani. Da ya ga na abokansa an rubuta 8x42 da 10x42, sai tausayinsu ya kama shi. Lambar farko ita ce ninkin da madubi ke matso da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Abin da bai sani ba, madubin da ya ninka zabo sau goma zai ninka rawar hannunka ma sau goma, shi ya sa in aka wuce 10 ko 12 sai an ɗora shi a kan ƙafa uku. Allah ya taimake shi lambar nasa ƙarya ce, in an auna da kyar ya kai takwas. Bututun biyu kuma ba su daidaita ba, kowanne da alƙiblarsa, don haka shi kaɗai ke ganin zabi biyu inda kowa ke ganin ɗaya. Yana alfahari nasa ya fi kawo nama. Kafin azahar yana neman maganin ciwon kai, yana cewa iskar dajin ce ba ta karɓe shi ba.

Farfesa

Kada ka kuskura ka zauna kusa da shi in kana da wani uzuri. Zai faro maka daga Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya tsara yadda gilashi mai kusurwa ke miƙar da hoto a 1854, ya biyo ta birnin Jena na Jamus inda kamfanin Zeiss ya fara sayar da irin waɗannan madubai a 1894, ya sauka a 1935 lokacin da Alexander Smakula ya samo shafen da ke hana haske tarwatsewa a kan gilashi. Kuma duk gaskiya ne, abin haushin ke nan. Shi ne ya ɓata wa wani tsohon soja rai, wanda ya sayo ƙaton 8x56. Ya ce, "Yallaɓai, raba 56 da 8, bakwai ke nan. Milimita bakwai na haske yake zubo maka. Ƙwayar idon saurayi ce ke buɗewa haka cikin duhu. Taku ta 'yan sittin da wuya ta wuce biyar. Ka rataya fiye da kilo guda a wuya don hasken da zai tsaya a bakin ƙofa." Yallaɓai bai sake gaishe shi ba har aka dawo gari. Shi kuwa Farfesa, shekara huɗu ke nan yana nazari, bai mallaki ko marfin madubi ba. In ka tambaye shi, sai ya ce sabon samfuri na nan tafe, ko kuma yana jiran dala ta sauko. Allah ya ba mai rai gani.

Malam Duk-ɗaya-ne

A wurinsa duk wanda ya biya sama da dala 500 suna kawai ya saya. Hujjarsa kuwa gwajin da ya yi da tsakar rana a bakin titi: ya leƙa na Alhaji, ya leƙa nasa, duka biyun suka karanta masa lambar wata tirela. Rabin gaskiya yana hannunsa. Da rana tsaka matsakaicin madubi na zamanin nan ba ya jin kunyar kowa. In kuma hazo ya sauko, ko ƙasa ta ɗau zafi kawalwalniya ta fara rawa, na dala 3,000 ma hazon zai kawo maka kusa, sai dai ya kawo shi tangaram.

Inda tsadar ke fitowa wuri uku ne. Gefen hoto ba ya dushewa, ido ba ya gajiya ko da ka shafe sa'o'i kana leƙe, sannan da duku-duku da almuru, lokacin da nama ke fitowa, mai tsadar kan bambance maka kunnen gada da ganyen sabara bayan mai araha ya sallama. Don wannan ne mafarautan Jamus ke zuba kuɗi, su da ke zama a kan ɗan dandamali a bakin kurmi suna jiran duhu, ga kuma almurunsu da bazara yana jan ƙafa ya haura minti 40. Mu nan Kano muna kan digiri 12 ne daga tsakiyar duniya. Rana na faɗuwa, minti ashirin da 'yan kai duhu ya rufe. Da aka yi wa Malam wannan bayani sai ya yi tsalle ya ce, "To kun gani! Mintunan da Alhaji ya saya da dala 2,000, ai lokacin sallar magariba ne." Aka rasa mai ba shi amsa. Amma ranar da ya leƙa na Alhaji bayan asuba, ya yi shiru na tsawon lokaci, ya miƙa masa, ya ce wai hannunsa ya gaji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Mai Hawa Matakala

Shi mai tattali ne, ba ya son almubazzaranci. Ya fara da na dala 100, bayan wata shida ya ce ashe araha ba ta ado. Ya sayi na 300. Ya leƙa na wani, ya koma na 600. Yanzu ya kai ga Zeiss, bayan ya zubar da kuɗi masu kauri a kan matakalan da ya hawo. Gidansa kamar shago, kowane ɗa da madubinsa na kallon tattabarun maƙwabta. Babban aikinsa yanzu ɓoye farashi ne. Uwargida ta ce, "Alhaji, wannan sabon fa nawa?" Ya ce, "Ai bai kai kuɗin buhun shinkafa uku ba." Ta ce, "Madalla. Ƙanena yana son irinsa, gobe zan ba ka kuɗin buhu uku ka sayo masa." Har yau yana neman hanyar fita.

Ɗan Miƙo-min

Bai saya ba, ba zai kuma saya ba, amma babu madubin da bai san ɗanɗanonsa ba. "Ɗan miƙo min in gani" ita ce sallamarsa. Abu na farko, zai murɗa ɗan zoben nan na idon dama, wanda mai madubi ya daidaita da bambancin idanunsa biyu, ya bar shi yana zargin ko hawan jini ne ya taɓa masa gani. Na biyu, zai huro wa gilashin iska daga bakin da ya gama cin goro, ya goge da gefen babbar riga. Ƙurar hunturu kuwa in aka murza ta a kan gilashi tamkar an goga yashi ne, tana kankare shafen nan da Farfesa ya yi mana lacca a kai. In ya gama sai ya yanke hukunci: "Na wane ya fi wannan." Kayan aro ba ya rufe katara, amma shi ya rufe masa har wuya.

Baba

Shi ne dattijon ƙauyen da muke ɗauka ya shige mana gaba. Takalmin taya, ɗan gatari a kafaɗa, goran ruwa. Ba ya hangen nesa ko kaɗan, ƙasa yake kallo: sawu, kashi, karyayyar ciyawa, inda aka yi birgima a turɓaya. In ya tsaya ya ɗaga hannu, to akwai abu. In ya ɗebi ƙura ya sake ta, yana duba inda iska za ta kai warinmu ne, da turaren Alhaji. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji shi, kuma bai taɓa jin an ce ya ci kallo ba.

Ni kaina matsakaicin 8x42 na saya, ragowar kuɗin na zuba a mai da goron Baba. Ga mai fita Asabar goma a shekara, da rana, cikin hazo, ya isa har ya yi yawa. Wanda aikinsa zaman tsauni ne daga asuba zuwa hantsi yana tace daji da ido, in yana da hali ya sayi mai tsadar, zai ci kuɗinsa shekara da shekaru. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: ba na leƙa na Alhaji, domin duk ranar da na leƙa sai na kwana ina lissafi.

A fitarmu ta ƙarshe Baba ya tsaya cak, ya nuna wata fadama da haɓa. Nan take aka zaro madubai, musu ya ɓarke. Mai Babbar Lamba ya ce garke biyu ne. Malam ya ce nasa ma ya gani sarai. Farfesa ya fara bayanin faɗin fili. Aka aika a kira direba. Da akwati ya buɗu, Alhaji ya ga ya dace a karrama dattijo, ya ce, "Baba, leƙa ka gaya musu gaskiya." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, lallai kuɗi ba ƙarya ba ne. Ban taɓa ganin wurin da zabi suka tashi ya fito fes haka ba."