Mu da Fir'auna a Alƙahira

Duk wanda ya ce a cikinmu zai tafi hutu Alƙahira, a leƙa akwatinsa. Yaji na nan, kilishi na nan, ga garin kuka an ƙulle a leda, sai ka ce mutanen Masar ba sa ɗora tukunya. A baki tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ilimin da muke fara nema shi ne lambar wani ɗan garinmu da ke karatu a Azhar, ya kai mu inda ake tuƙa tuwo. In aka kawo mana koshari, wato shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, mu yi cokali biyu mu ce, "Ba laifi, amma ba ya riƙe ciki."

Sai Giza. Ga dalar Khufu tsaye, ta kai shekara 4,500, duwatsunta sun haura miliyan 2, ɗan jagora yana ta zuba bayani, mu kuwa Alhaji na karya hula, Hajiya na gyara ɗauri. Tambaya ɗaya ke cin ranmu: yanzu wannan a yau buhun siminti nawa zai ci? Raƙumin da muke yi wa hon a hanyar Maigatari, a nan kuɗi muke biya mu hau, kuma sai mun yi sama muke gane cewa saukowa ma da nata cinikin.

Amma mu faɗi gaskiya, Fir'auna ne ya kawo mu. Tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 daga gidan tarihi na Tahrir zuwa na Fustat, to can muke binsa. Mu yanki tikiti, mu shiga da a'uziyya, duk gawar da muka gani mu tambaya, "Wannan ne na Annabi Musa?" Masana ba su gama shawara ba, mu tuni mun yanke hukunci a kan Ramsis na Biyu. Mu tsaya a kansa mu yi wa'azi, "Duniya ke nan!" Muna fitowa mu sayi maƙalin makulli mai hoton kansa.

Larabcinmu fa? Na Islamiyya ne, da wasali cif. Ka yi wa direban tasi jumla guda ya dube ka kamar ka hau mumbari, ya mayar maka da nasu na titi, a ƙarshe yatsu su raba gardama.

Masallacin Azhar, wanda ake salla a cikinsa tun 972, raka'a biyu da hoto goma ne rabonsa. Ganuwar Salahuddin sai dai daga tagar mota. Khan Khalili, da ke jikin masallacin Sayyidina Husaini, ita ke cinye yinin. Mu jikokin 'yan Kurmi, masu taƙamar iya tayi, ɗan kofin shayi da "Ahlan ya Hajj" sun isa a sayar mana da turare ninki uku, mu fito muna murnar mun yi wayo.

Mu dawo da kilo ya yi yawa, muna ba da tarihin Masar a majalisa, alhali rabinmu ba su taɓa hawa Dutsen Dala ba, Gidan Makama kuwa sai an yi baƙo. Kuma don Allah kada kowa ya duba wuyan abayar tsarabar nan. Daga Sin take, irinta na nan jibge a Kantin Kwari.