Musun S-Class da 7 Series, da mutanen da ke yin sa a Dubai

Daga watan Yuni zuwa Satumba zafin Dubai kan haura digiri 40, ga gumin teku da ke sa riga ta manne a jiki kafin mutum ya tsallaka titi. Mai hali a garin ba ya taka ƙasa sai dole: daga sanyin gida zuwa sanyin mota, daga sanyin mota zuwa sanyin ofis. Shi ya sa musun mota ba ya ƙarewa a majalisun garin, kuma a tsakanin masu son doguwar mota ta alfarma, musun ya tsaya kan biyu, Mercedes S-Class da BMW 7 Series. Dukansu 'yan Jamus ne. Ana ƙera ta farko a Sindelfingen, sunanta ya fara fita tun 1972, ta biyu kuma a Dingolfing, ta shigo kasuwa a 1977. Gargash ke sayar da Marsandi a Dubai, AGMC ke sayar da BMW. Injiniyoyin Jamus sun gama nasu aikin. Sauran kallo yana wajen masu saye.

Na farko shi ne maigidan da bai san kalar sitiyarin motarsa ba. In ya je gidan sayar da mota, ƙofar baya ta dama yake buɗewa, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido, dillali na tsaye yana jiran hukunci. Ba ruwansa da ƙarfin inji. Abin da ya sani shi ne kujerar bayan S-Class na kwantawa har digiri 43.5, tana yi wa baya tausa da ɗumi, motar kuma na fesa turare ta cikin na'urar sanyi. Ta BMW na kwantawa digiri 42.5. A kan wannan digiri ɗaya tal sai a ga manyan mutane biyu sun sha shayi kofi uku ba su daidaita ba, alhali kowannensu barci yake kwashe shi kafin a wuce ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Salik ta farko.

Abokin hamayyarsa shi ne mai majigi. Tun da BMW ta fitar da sabuwar 7 Series a 2022 da allon kallo mai inci 31.3 da ke saukowa daga rufi, wannan bawan Allah bai ƙara sauraren wata hujja ba. Duk baƙon da ya shiga motarsa sai an nuna masa: a taɓa ɗan allon da ke jikin ƙofa, labulen gilasai su rufe da kansu, haske ya dushe, allo ya sauko a hankali, lasifika 36 su yi gyaran murya. Daga nan sai ya waigo ya kalli fuskar baƙon. Matsalar ita ce daga unguwar hada-hadar kuɗi ta DIFC zuwa Jumeirah ba tafiyar da za ta cinye fim ba ce, don haka ya san farkon finafinai da yawa, ƙarshensu kuwa sai dai a ba shi labari.

A gaban waɗannan biyu akwai mutumin da ya fi kowa sanin motocin, wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba: direba. Galibi ɗan Kerala ne ko ɗan Peshawar, kamar yadda kusan tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne. Shi ya san cewa da zarar allon maigida ya sauko, madubin tsakiya ya tashi aiki, ba abin da yake gani sai bayan talabijin. Shi ya san BMW ta fi doguwar S-Class tsawo da kusan santimita 10, abin da ba ya nuna kansa a kan takarda sai an zo hawa murɗaɗɗen benen ajiye motoci na Dubai Mall. Tayoyin bayan Marsandi na iya karkata har digiri 10 su taimaka masa shan kwana, na BMW digiri 3.5. Kuma shi ke tashi da asuba da tsumma da bokiti, domin maigida ya nace a kan baƙar mota a garin da iska ke kwaso rairayi daga hamada, inda hukumar birni ke cin tarar dirhami 500 a kan motar da aka bari ta yi buɗu-buɗu a wurin ajiyar jama'a. In aka ce, "Wacce ta fi?" sai ya yi murmushi ya ce, "Duk wadda arbab ya zaɓa," wato maigidansa. In maigida ya shiga masallaci, shi da sauran direbobi kan yanke hukuncin gaskiya a inuwar katanga, da kofin shayin karak a hannu.

Sai mai lamba. Wannan bai damu da abin da ke tsakanin lambar gaba da ta baya ba. A ƙasar Daular Larabawa gajeriyar lamba dukiya ce da ake gwanjonta: a 2008 an sayar da lamba 1 ta Abu Dhabi a kan dirhami miliyan 52.2, a 2016 wani ɗan kasuwa ɗan Indiya ya biya miliyan 33 a kan D5, a watan Afrilun 2023 kuma P7 ta tashi a kan miliyan 55 a wani gwanjon sadaka. Mutuminmu bai kai can ba. Ya samu mai alƙaluma uku, wadda duk da haka tana iya fin motar tsada. Idan ya sauya mota, lambar ce ke ƙaura. Ko S-Class ko 7 Series, a wurinsa duk ƙarfe ne da ake ɗaura lamba a jiki.

Mai walƙiya kuwa shi ke tuƙa kansa, kuma yawanci BMW yake so, don ya ji an ce ita ce motar direba. Ana gane shi a layin hagu na titin Sheikh Zayed, ya manne wa na gabansa yana kashe fitila yana kunnawa, ƙaton hancin motarsa, wanda shi ma yana da fitilarsa, ya cika madubin bawan Allah. Injinsa mai silinda takwas ne, an ƙayyade masa gudun kilomita 250 a awa. Sai dai titin cike yake da kyamarori. A Dubai akan yi wa direba sassaucin kilomita 20 a kan abin da allo ya rubuta, shi kuwa ya haddace lissafin, yana tafiya a kan gaɓar daidai. Da ya tsallaka iyakar Abu Dhabi sai ya manta cewa can an soke sassaucin tun 2018, saƙon tara ya riga shi isa gida. Manne wa mota ma tararsa dirhami 400 ne da baƙaƙen maki 4, wanda ya tara 24 kuma lasisinsa ya tafi hutu. Da yamma, a cunkoson hanyar Sharjah, shi da ƙaramar Nissan Sunny ta mai kai saƙo suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Akwai mai lissafi, wanda ba ya sayen sabuwa ko da an ɗaure shi. Ya san manyan motocin Jamus suna zubar da daraja da sauri a shekarunsu na farko, don haka yake barin wani ya sha asarar, shi ya je kasuwar Al Aweer bayan shekara uku. Tambayarsa ta farko ita ce ko motar ƙirar yankin Gulf ce ko shigo da ita aka yi daga Amurka, ta biyu takardun sabis, ta uku garanti. Yakan durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina kafet. Tun bayan 16 ga Afrilun 2024, ranar da aka yi ruwan da ba a taɓa auna irinsa ba a ƙasar cikin shekara 75, motoci suka nutse a manyan tituna, hancin mai lissafi ya ƙara kaifi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne ranar da balan-balan ɗin iska da ke ɗauke da motar za su saki, ya wayi gari ya tarar da ita ta durƙusa a gareji, bakaniken Al Quoz kuma ya faɗi kuɗin gyara ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ɗan haya bai da wannan damuwar. Kwana ɗaya ya karɓa, kuma launi ya zaɓa. Zai tsaya inda Burj Khalifa ke fitowa a bayan hoto, ya jingina da ƙofa, abokinsa ya kwanta a ƙasa da waya. Kayan aro dai ba ya rufe katara: ana gane shi wajen neman maɓallin buɗe tankin mai.

Can gefe mai Land Cruiser da mai Nissan Patrol suna kallon kowa da tausayi. A ganinsu motar da ba za ta hau tudun rairayi ba ba ta cika mota ba, kuma ranar ambaliyar nan sun samu hujjar da za su yi shekara goma suna ja.

Alhajin da ya zo sarin kaya Deira daga Kano shi ma yakan leƙa, in ya gama da dilolinsa. Yana zagaya motar sau biyu, ya fito da waya ya mayar da dirhami dala a kan 3.67, ya mayar da dala naira, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah." Tambayoyinsa sun fi na kowa ma'ana: tsayinta daga ƙasa nawa ne, wane irin mai take sha, wa zai gyara ta a Kofar Ruwa in kwamfutarta ta rikice? Da aka nuna masa i7, wato 7 Series mai aiki da lantarki zalla, sai ya yi dariya ya tambayi girman janaretan da za ta buƙata.

Masani na ƙarshe ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Jirgin Metro yake hawa, wanda aka buɗe ranar 9 ga Satumban 2009, kuma daga saman gadar jirgin yake kallon rufin motocin da ya haddace. Shi zai gaya maka S-Class ta fara amfani da burkin ABS a 1978, cewa James Bond ya tuƙa 750iL da wayar hannu a fim ɗin 1997, cewa BMW ta daina saka injin silinda goma sha biyu a 7 Series yayin da Marsandi ta bar shi a Maybach S 680. Duk gaskiya ne. Yana isa ofis kafin su.

Alƙalin da kowa ke tsoron hukuncinsa kuwa yaro ne mai riga da hular otal, wanda ke karɓar makulli a ƙofa. Gurbin da ke gaban otal kaɗan ne, kuma shi ke zaɓar motar da za ta tsaya a idon jama'a. Mai S-Class da mai 7 Series kan iso kusan tare, kowa ya fito a hankali yana gyara riga, yana satar kallon inda za a kai tasa. Yaron ya duba gurbin, ya ga Rolls-Royce biyu da Lamborghini ɗaya sun riga sun cika shi, ya miƙa wa kowannensu tikiti, ya kira abokan aikinsa biyu su gangara da motocin hawa na uku a ƙarƙashin ƙasa.