Mutanen da Ake Gamuwa da Su Tsakanin Newcastle da Bakin Teku

Duk watan Satumba, mutum wajen 60,000 kan yi cincirindo a babban titin da ya ratsa Newcastle, a arewa maso gabashin Ingila, suna jiran a ce musu su ruga. Gasar ita ce Great North Run, wadda tsohon ɗan tseren Birtaniya Brendan Foster ya ƙirƙiro a 1981, aka fara da mutum 12,000. Rabin gudun fanfalaki ne, kilomita 21.1: a haye gadar kogin Tyne, a ratsa Gateshead, a ƙare a bakin teku a South Shields. Hanya ɗaya ce ga kowa, amma kusan kowa ya taho da bayanin da zai yi in abin bai yi kyau ba.

Wanda ya fi kowa tanadin bayani shi ne ɗan wasa uku. Ba sai ka tambaye shi ba, kafin ka gama ɗaure takalminka ya gaya maka. Abin da ya saba shi ne ninƙaya ta kilomita 1.5, keke na kilomita 40, sannan gudu na kilomita 10, duk a jere ba hutu, irin wanda aka shigar cikin wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Yau ne karonsa na farko a rabin fanfalaki, amma ba za ka gane ba. Zai dubi taron, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Wai yau gudu kaɗai za a yi?"

Shigarsa ma abin kallo ce. Riga da wando a haɗe, matsattsu, da ɗan soso a mazaunai saboda sirdin keken da babu shi a wurin. Igiyar takalminsa ta roba ce, don kada ya ɓata daƙiƙa biyar wajen sauya takalmin da ba wanda ya ce ya sauya. Jama'a sun maƙala lambarsu a riga da fil, shi tasa tana rataye a bel. Ya aske gashin ƙafarsa tas. Keken da ya bari a gida kuɗinsa zai sayi ƙaramar mota, kuma hotonsa na nan a waya, ko ba ka nema ba za a nuna maka.

Lissafinsa mai sauƙi ne. A gasarsa yakan yi kusan awa uku jikinsa na aiki, wannan kuwa ko awa biyu ba za ta kai ba. Ban da haka, kullum da ƙafafun da keke ya gama cinyewa yake fara gudu, yau ga su garau. Lissafin dokin Rano ke nan. A ruwa, ruwan ne ke ɗauke masa nauyinsa, a keke kuma sirdi. Kwalta ba ta ɗauke wa kowa komai. Zuciyarsa da huhunsa sun isa, wannan ba gardama, amma cinyoyinsa ba su taɓa shan dukan titi fiye da kilomita goma a jere ba. Ga shi farkon hanyar gangare ne zuwa gadar, jama'a na ihu, jiragen Red Arrows na sojan saman Birtaniya suna wucewa da hayaƙi ja da fari da shuɗi. Sai ya haye Tyne da saurin da ya saba yi a kilomita goma, yana mamakin yadda mutane suke zuzuta abin. Mu bar shi nan, za mu same shi a gaba.

Kusa da shi a layi akwai Malam Ban-Shirya-Ba. Wannan tun a jirgin ƙasa yake sanar da duk wanda ya zauna kusa da shi cewa mura ta hana shi atisaye, gwiwa na damunsa, jiya bai yi barci ba, ya dai zo ne don kada kuɗin rajista ya tafi a banza. Ƙarya yake yi. Wata huɗu ya yi yana fita da asuba. Da an tashi ba ka ƙara ganinsa sai a ƙarshe, ya riga ya sauya riga yana cin ayaba, ya ce maka shi ma abin ya ba shi mamaki. Akwai kuma ƙaninsa, wanda yake faɗin kalmomin nan sak, amma shi gaskiya yake faɗa. Shi za ka gani a Gateshead ya riƙe ƙugu.

Sai bawan agogo. Dubban mutane sun fito kallo, makaɗa sun jeru a gefen titi, shi idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. Ya san cewa duk mai son gamawa cikin awa biyu sai ya riƙa cin kilomita guda a minti biyar da daƙiƙa arba'in da ɗaya, kuma in agogo ya nuna arba'in da uku ransa ya ɓaci. Abin da ya fi ƙona masa rai yana jiransa a ƙarshe: agogon zai ce ya yi kilomita 21.3. Zai yi mako yana cewa masu gasar ba su iya awo ba. Ba zai yarda cewa su sun auna hanya mafi gajarta ba, shi kuwa ya yi ta kauce wa mutane hagu da dama tun daga Newcastle.

Waɗanda ba na iya yi wa dariya da zuciya ɗaya su ne masu shigar ban dariya. Wani ya shiga cikin rigar kaza, wani ya zama ayaba, wani ya ɗauko akwatin kwali ya ce motar kashe gobara ce. Yawancinsu kuɗi suke tara wa ƙungiyoyin agaji, kuma in ka bi bayansu za ka ga sunan uwa ko ɗa a rubuce a rigar. An yi wani da ake yi wa laƙabi da Tony the Fridge, wanda ya riƙa bin wannan hanya da firij na gaske goye a bayansa. Aikinsu a gasar, ban da tara kuɗi, shi ne karya girman kan sauran jama'a. Mutum zai iya jure wa ɗan Kenya ya wuce shi. Kaza ce ba ya iya jurewa.

Akwai 'yan mata biyu da suka fara hira tun kafin a tashi, kuma ba za su gama ba sai sun ga teku. Ba sa sauri, ba sa raguwa, ba sa duba agogo. Duk wanda ya biyo bayansu zai ji labarin maigidan wurin aikinsu daga farko har ƙarshe, kuma zai gama a lokaci mai kyau.

Akwai dattijo mai tsohuwar singileti da gajeren wando da ya koɗe, wanda yake zuwa tun ana ba da labarin gasar farko. Gudunsa ba kyan gani, ƙafa da ƙyar take barin ƙasa. Ba ya magana. Shi kaɗai ne bai zo da bayani ba.

'Yan kallo kuwa mutanen kirki ne, amma maƙaryata. Suna miƙo alawa da yankan lemo, yara na miƙo hannu a tafa, wani ya jawo tiyo daga gidansa yana fesa wa masu gudu ruwa. Sai dai tun a kilomita shida za ka ji wata tsohuwa na cewa saura ƙiris. Ita tana kan kujera da kofin shayi.

Yanzu mu koma wurin mutuminmu. Mun same shi a kan titin John Reid, inda hanyar ke ɗan hawa a hankali ba tare da ta sanar da kowa ba. Numfashinsa lafiya lau, abin da ya fi ɗaure masa kai ke nan. Ƙafafun ne suka ƙi. Ya zuƙe duk 'yan ƙunshin zaƙin da ya jera a bel, bai ga canji ba, don ba yunwa ce matsalar ba. A gasarsa, duk lokacin da wata gaɓa ta gaji, ana dab da sauya mata aiki. Nan ba abin da za a sauya, sai wani gudun. 'Yan matan nan suka wuce shi, suna kan batun maigidan. Dattijo ya wuce shi. Kaza ta wuce shi, har ta dafa kafaɗarsa ta ce ya daure.

A Marsden akwai wani gajeren gangare mai tsanani da ke sauke mutane bakin teku. Masu sauran ƙarfi suna jin daɗinsa. Shi da cinyoyinsa suka sandare, ya sauko shi kamar ɗan makarantar kwana da siniya ya sa tsallen kwaɗo. Daga nan ga teku a dama, sai mutum ya ɗauka an zo, alhali akwai sauran fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ɗan tseren Birtaniya Mo Farah ya ci wannan gasa sau shida a jere, daga 2014 zuwa 2019, kuma a nan ya yi tserensa na ƙarshe a 2023. Mutuminmu a nan ya ga ruwa a karon farko tun safe, ya dube shi da irin kallon da ake yi wa ɗan'uwan da bai zo ba ranar da ake buƙatarsa.

Duk da haka, da ya hango masu ɗaukar hoto sai ya miƙe ƙirji, ya zuge zif ɗin rigarsa, ya tsinke da gudu a mita hamsin na ƙarshe, ya ture wani mai rigar ayaba.

A layin jiran jirgin Metro na komawa Newcastle, lulluɓe da bargon leda mai ƙyalli, bayaninsa ya riga ya nuna. Gudu dama ba shi ne ɓangaren da ya fi ƙarfi ba, a keke ake ganinsa. Kuma ya gano inda aka samu matsala: jikinsa bai yi ɗumi ba kafin a tashi. Shi ya sa yake latsa waya yana neman gurbi a Ironman 70.3, inda za a ba shi wannan kilomita 21.1 ɗin bayan ninƙaya ta kilomita 1.9 da keke na kilomita 90.