Sannu da Aiki, Tsoro, Jakin Manya

Ranka ya daɗe, Tsoro. Daga Port Sudan har Junaina babu ma'aikacin da ya kama ƙafarka. Ba ka karɓar albashi, ba ka zuwa hutu, ba a taɓa jin ka shiga yajin aiki ba. Duk kayan da ya yi wa manya nauyi a gadon bayanka ake labta shi, kai kuwa ko nishi ba ka yi. Mu Hausawan ƙauyukan Jazira da Nilul Azraƙ mun fi kowa sanin ƙwazonka, don a gidajenmu kake kwana. Saboda haka ya wajaba a yaba maka a bainar jama'a.

Tun 1993 tauraronka ya fito, shekarar da Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goya wa ta'addanci baya. A 1997 takunkumi ya biyo. Waɗanda suka shimfiɗa wa Usama bin Laden darduma daga 1991 zuwa 1996, har ya yi noma a wajen Damazin, ba su rasa ko cin dare ɗaya ba. Kai ka rufa musu asiri. Shekara 27 ƙasar ta yi a cikin jerin nan, kuma a tsawonsu ka zama amsar kowace tambaya. Jirgin ƙasa ya tsaya? Takunkumi. Jiragen Sudan Airways sun ƙare ɗaya bayan ɗaya? Takunkumi. Laka da ciyawa sun toshe magudanan ruwan Jazira, gonar da tun 1925 audugarta ke ciyar da baitulmali? Ai duniya ce ke tsoronmu. Takunkumin ya ciji kam, bankunan waje sun juya baya, kayan gyara sun yi wuya. Gwanintarka ita ce ka sa haƙoransa suka tsallake fadar gwamnati suka sauka a cinyar manomi.

Babban aikinka kuwa yana bakin titin Khartum zuwa Wad Madani, wajen kilomita 50 kudu da babban birni. Nan Umar al-Bashir ya buɗe birnin masana'antu na Giad a shekarar 2000. An riƙa harhaɗa ƙananan motocin Hyundai, da manyan motocin kaya, da taraktoci. Mai wurin kuwa shi ne ɓangaren ƙera makamai na soja. Wannan tsari ya yi kyau ƙwarai: hannun da ke ɗaura tayar motar haya shi ne ke kula da harsashi, don haka duk wanda ya nemi ganin littafin ciniki sai a ce ya taɓa sirrin tsaron ƙasa. In mota ta sayu, hikimar janar-janar ce. In kasuwa ta yi sanyi, ga ka nan a ɗaure a ƙofa, a ɗora maka. Da Amurka ta sa sunan Giad cikin kamfanonin da ta ƙaƙaba wa takunkumi a 2007, sai ka samu sabon akumari.

Wani bawan Allah ya so ya rage maka kaya. A 2020 Firayim Minista Abdalla Hamdok ya fito ya ce kashi 18 cikin 100 kawai na dukiyar gwamnati ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. A Disambar shekarar aka cire Sudan daga jerin ta'addanci, bayan ta amince ta biya diyyar dala miliyan 335. A Maris na 2021 soja suka yi alkawarin miƙa ɓangaren farar hula na kamfanoninsu. Ka ga an kusa yi maka ritaya ke nan. Allah ya taimake ka, ranar 25 ga Oktoba aka yi juyin mulki, littafin ya koma aljihun tebur, kai ka koma bakin aiki.

Ba don kai ba, da sai a riƙa faɗin maganganu marasa daɗi. Da sai a ce Kudancin Sudan ta ɓalle a 2011 da kashi uku cikin huɗu na man fetur, ba a yi tanadin komai ba. Da sai a ce a Yulin 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100, kuma wanda kuɗin burodi ya gagara, ina shi ina sabuwar mota? Da sai a tambayi ta inda dubban motocin fasa-ƙwauri suka riƙa shigowa ta iyakokin Darfur ba kwastan ba lamba. Sai ka yi mana gata, ka ara wa motocin suna mai razanarwa, aka riƙa kiransu "Boko". Da an ji sunan sai hankali ya tafi Tafkin Chadi, a manta da masu gadin iyaka. An bar jaki ana dukan taiki, kai kuma kana gefe kana kaɗa kunne.

Sunanka ya ƙetare teku ma. A 2001 kamfanin Ford ya tafka asarar sama da dala biliyan 5. Shekarar harin 11 ga Satumba ce, ga ka nan kusa, alhali tun watan Mayu kamfanin ke fama da canza tayoyin Firestone miliyan 13. General Motors kuwa ya mai da kai ɗan talla: ya cire ruwa daga bashin mota, aka nuna wa Ba'amurke cewa sayen mota kishin ƙasa ne. Da bashi ya kai su bango a 2008, shugabannin kamfanonin suka tafi Washington roƙon tallafi, kowa a jirginsa na alfarma. Ashe manyan duniya duk ɗaya suke wajen sanin darajar jaki.

Amma aikin da ka yi mana a gida ya fi kowanne. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu sun riga su zuwa a kan hanyar aikin Hajji. Sun tsinci auduga, sun yi su a kogi, sun noma dawa da albasa, sun binne iyayensu a ƙasar nan. Da Hausawan Nilul Azraƙ suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai ka bi kasuwa-kasuwa kana raɗa cewa baƙi za su ƙwace ƙasa. A Yulin 2022 Rusairis da Damazin suka kama da wuta, a Oktoba ta kai Wad al-Mahi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 350 da suka mutu daga cikin Hausawa da maƙwabtansu. Maƙwabta da suka shekara aru-aru suna aron gishiri suka ɗauki adda. Wane ɗan siyasa ne zai iya wannan shi kaɗai?

Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF. A Disamba dakarun RSF suka shiga Wad Madani, suka bazu cikin ƙauyuka. Mota ta zama abin farauta, har aka samu kasuwannin kayan ganima da jama'a ke kira kasuwar Dagalo, da sunan shugaban RSF. A Wad al-Nura, a Yunin 2024, an kashe sama da mutum 100 rana ɗaya. Giad ɗin ma ta faɗa hannunsu, sai a farkon 2025 soja suka karɓe ta.

Ina da kawu mai tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa kasuwa da ita. Shekara tara yana tara kuɗinta. Da labari ya yi zafi, cikin dare ya kira mu, muka cire tayoyi huɗu da batir, muka ɗora ta a kan tubala a bayan rumbu, muka lulluɓe da karan dawa. Tayoyin muka binne a turken awaki. Kwana goma sha ɗaya tsakani wasu masu bindiga suka shigo. Ba su tambayi sunan kowa ba, makulli suka tambaya. Suka ɗora bakin bindiga a kan autansa, kawu ya ɗauki fartanya da hannunsa ya tono tayoyin, ya ɗaura musu, har ya tura ta ta tashi. Asararsa ba ta shiga littafin kowane kamfani ba, ba wanda ya kira taron manema labarai a kanta.

Da soja suka dawo Madani ranar 11 ga Janairun 2025, mun ɗauka za ka huta. Ina! Sai ka canza riga. Mazauna kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona, aka ce su suka haɗa kai da maƙiyi. A Kambo Tayba an kashe aƙalla mutum 26, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara. A shingen bincike kuma ga abin da mutane ke kira dokar baƙuwar fuska: a dubi launinka, a saurari harshenka, a yanke maka hukunci. Wanda aka ƙwace wa mota jiya, yau shi ake tuhuma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, Tsoro, yabo ya isa haka, bari in faɗi abin da ke raina a fili. Kamfanin da soja ke riƙe da shi da kuɗin jama'a, a buɗe littafinsa kowa ya gani, a san abin da takunkumi ya ci da abin da mutane suka ci. In ana maganar sake gina masana'antu, a fara da ƙirga waɗanda aka kashe a Wad al-Mahi da Wad al-Nura da Kambo Tayba, a gurfanar da masu hannu ko rigar wa suke sanye da ita. Manomin da ke da kwanciyar hankali da ruwa a gonarsa shi ne zai sayi tarakta, kuma babu masana'antar da za ta tsaya da ƙafarta alhali shi yana gudun hijira. Ku 'yan'uwana na Jazira da Nilul Azraƙ, duk wanda ya zo muku da labari mai tayar da hankali a kan maƙwabci, ku tambaye shi wa zai ci ribar firgitarku. Kawu dai yau da amalanken jaki yake kai albasarsa kasuwa, kuma har yanzu makullin ajiya na motar yana rataye a ƙusar ɗakinsa.