Doki Ma Da Fasfonsa

A Ingila, doki ba ya rayuwa haka siddan. Doka ta ce sai an yi masa fasfo: launinsa, tabon jikinsa, allurar rigakafin da aka yi masa, har da bayanin ko ya halatta a ci namansa. Tun 2009 kuma ake cusa wa 'yan duƙushi wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a wuya. In ka sayi doki, kwana 30 gare ka ka sauya sunan mai shi. In ya mutu, a mayar da fasfo, kada wani dokin ya yi sojan gona.

To, kawo wannan doka Haɗejiya ranar hawan sallah. Ma'aikaci ya tare ɗan sarki da kwalliyarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun Akawal." Kafin a gama laluben aljihu, an gama jafi.

Mu nan fasfon doki a bakin mutane yake. Dillalin kasuwar Maigatari ya duba haƙori ya faɗi shekaru. Shamaki ya san uwa da uba. Kili ne, bidi ne, danda ne, yaran unguwa sun riga sun yi rajista.

Sai dai baki ba ya ajiye ranar allura, ƙwarin fadama kuwa ba ruwansu da sarauta. Ranar da aka kwance doki daga turke, "wallahi nawa ne" ba ta zama shaida.

Masu dawaki, ko littafin 'yan makaranta ne a saya a riƙa rubutawa.