'Yan Harafin M

A saman babbar kyamara akwai wani ɗan maɓalli mai juyawa. Muddin yana kan Auto, ana zaune lafiya. Ranar da mutum ya murɗa shi zuwa harafin M, abu uku sun dawo hannunsa: faɗin ƙofar haske, saurin shota, da ISO. Daga nan halin kowa ke fitowa fili.

Na farko Sarkin Dishi-dishi. Ya sayi lensi mai 50mm, ya ji an ce f/1.8 na narkar da bayan hoto, shi ke nan ya kafe. Kira shi ranar suna ya ɗauki dangi layi uku, za ka ga hancin Kawu tangaran, sauran kuwa sai dai a gane su ta launin mayafi. Ka ce ya koma f/8, ya yi maka kallon tausayi.

Sai Malam Bari-in-saita. Tun azahar ya kama wuri a Ƙofar Kudu don Hawan Daushe. Mahaya suka sako dawaki za su yi jahi, shi kansa na sunkuye yana murɗe-murɗe. Doki a guje 1/1000 na daƙiƙa yake so, shi kuwa shotarsa na kan 1/30 tun daren jiya. Ƙura da wutsiya ya kawo gida. "Ai da gangan na yi," in ji shi, "motsi nake son nunawa."

Akwai Matsoracin ISO. An faɗa masa ɗaga ta na sa hoto ya yi yashi-yashi, ya rantse ba zai wuce 100 ba, ko da an ɗauke wuta a wurin dina. Haƙoran ango kaɗai ke shaida an yi taro.

Alhaji Kayan-aiki kuwa jakarsa ta fi ta mai tafiya Umara. Ana tsakiyar hunturu, iska na kaɗa ƙura, nan zai kwance lensi ya ɗaura wani don a gani. Ƙurar ta shige ciki ta zauna, kowane hoto ya fito da ɗigo a wuri guda, yawanci a goshin babban baƙo.

Anti Gyara ba ta damu da ɗauka ba, aikinta a manhajar Lightroom yake. Ta ja nan, ta ja can, amarya wankan tarwaɗa ta koma fara sol, har uwarta na tambayar ko ƙawa ce. Tsagen gado da ke kumatun kaka ma ta share shi, wai tabo ne. Sararin Kano na Janairu, da hazo ya turnuƙe, a hotonta shuɗi ne kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata.

Gogan duka shi ne Ɗan RAW. A wurinsa JPEG abin kunya ne. Gaskiyarsa ce, RAW na riƙe bayanan haske da ke ba da damar ceto hoton da ya yi duhu, amma kowane ɗaya sai an zauna an gyara shi, ga cin memori. Shi kuma bai taɓa gama zaman ba. "Ango, ka ƙara haƙuri, saura kala kawai." Haka za a yi ta yi har a aiko masa goron suna. Zai zo da kyamararsa kuwa, kuma a RAW zai ɗauki jaririn.